Fashin baƙi: Me ya sa injiniyoyi suka koma bin ƙwayoyin garkuwar jiki ɗaya bayan ɗaya?

Idan har garkuwar jiki abu ce da ake ƙara wa ƙarfi kawai, me ya sa maganin farko da aka tabbatar yana ceton ran masu fama da korona shi ne wanda ke danne ta? Tun daga 2020 maganar "ƙara garkuwar jiki" ta cika gari. Mai tallar magani da lasifika a bakin tasha yana yin ta, mai sayar da shayin ganye a Facebook ma haka, kuma dukansu suna nuna kamar garkuwa abu ɗaya ce, ko ta yi sama ko ta yi ƙasa.

Abin da aka gani a asibitoci ya saɓa wa haka. A watan Yunin 2020 babban gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta a Birtaniya ya nuna cewa deksametason, tsohon magani mai arha da ke kwantar da garkuwar jiki, ya rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin waɗanda aka sa wa oksijin. Waɗanda ciwon bai kai su ga buƙatar oksijin ba kuwa, bai amfane su da komai ba. Bayan 'yan watanni, tawagar Jean-Laurent Casanova ta gano cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda korona ta kai gargara, jikinsu ne da kansa ke toshe intaferon, saƙon gaggawar da jiki ke fara aikawa idan bairos ya shigo. Ke nan a cuta ɗaya, wani ya galabaita don garkuwarsa ta makara, wani kuma don ta tashi ta ƙi lafawa.

Kafin a warware wannan sai an san wace ƙwaya ce ta aika wane saƙo, kuma a wane lokaci. Likitoci sun daɗe da tambayar, amma yawancin kayan aikin amsa ta daga hannun injiniyoyi suka fito.

Su wane ne ke aika saƙon, kuma da me?

An gina jikin baligi da ƙwayoyin halitta kusan tiriliyan 30 ko fiye. Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar yanki mai rai a jiki. Masu aikin garkuwa a cikinsu galibi fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda jama'a ke kira sojojin jiki. Kowacce tana da fatarta da ruwan cikinta, da cibiya inda aka adana ƙwayoyin gado, wato DNA. Faɗinta kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne. A ɗan mitsitsin jini mai milimita ɗaya ta kowace fuska, akan samu farare 4,000 zuwa 11,000 a tsakanin jajaye kusan miliyan 5.

Fararen ma ba iri ɗaya ba ne. Niyutrofil sun fi yawa, su ke fara isa wurin rauni, kuma ba sa daɗewa a raye. Makrofej suna haɗiye ƙwayar cuta. Ƙwayoyin dendiritik suna ɗaukar gutsuren abin da ya shigo su kai shi ga ƙwayoyin T da B, kuma wurin wannan haɗuwa shi ne kaluluwar nan da ke kumbura a matsematsi idan mutum ya ji ciwo a ƙafa. Ƙwayoyin B ne ke ƙera antibodi, wato makamin da ke manne wa ƙwayar cuta don a gane ta a kashe ta.

Suna sanar da juna ne ta hanyar wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin. Wata ƙwaya ta fitar, wata ta karɓa a jikin fatarta. Sanannu daga ciki akwai TNF da IL-6 da intaferon. Zazzaɓi da kumburi da ciwon gaɓoɓi da kasalar da mai jinya ke ji, mafi yawa aikin waɗannan saƙonni ne. Idan suka yi ambaliya sai jijiyoyin jini su fara yoyo, huhu ya cika da ruwa, bugun jini ya faɗi. Wannan ne likitoci suka riƙa kira guguwar saitokin a lokacin korona.

Abin da matsakaicin lissafi ke ɓoyewa

Shekara da shekaru hanyar bincike ɗaya ce: a tara ƙwayoyi miliyoyi, a zuba musu abin da ake son gwadawa, a fasa su gaba ɗaya, a auna abin da ya fito. Sakamakon lamba ɗaya ce da ke wakiltar kowa.

A ce an kai tallafin hatsi buhu 50 gari mai gida 100. A takarda kowane gida ya samu rabin buhu. Amma yana iya kasancewa gida 50 sun ɗauki buhu guda-guda, sauran 50 ko tsaba ba su gani ba. Takardar ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta faɗi abin da ya faru ba. Haka mai bincike ke ganin martanin garkuwa ya ragu da rabi, ba tare da ya san ko kowace ƙwaya ce ta rage ƙoƙari, ko rabinsu ne suka yi shiru ba. Ga mai neman magani bambancin babba ne. Ƙwayoyin da ba su da yawa kuwa, kamar ɗaya cikin dubu, ɓacewa suke yi ƙurmus a irin wannan awo, alhali sau da yawa su ne ke tayar da sauran.

Daga ƙirgawa zuwa tantancewa

Matakin farko wani injiniyan lantarki ɗan Amurka ne ya ɗauke shi, Wallace Coulter, wanda ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1953. Ya sa ƙwayoyin jini su bi ta wata 'yar ƙofa ɗaya bayan ɗaya alhali lantarki na ratsa ƙofar. Duk wadda ta wuce sai ta ɗan tare lantarkin, na'ura ta ƙirga. Har yau na'urorin ƙirga jini a ɗakunan gwajin asibiti da wannan dabara suke aiki.

A 1965 Mack Fulwyler, a cibiyar bincike ta Los Alamos, ya aro fasahar na'urar buga takarda mai fesa tawada. Ya yanka ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin zuwa ɗigo-ɗigo, ya sa wa ɗigon da yake so cajin lantarki don ya karkata ya faɗa wani kwano daban. Leonard Herzenberg na Jami'ar Stanford ya ƙara rini mai ƙyalli da hasken leza a farkon shekarun 1970. Da aka samu hanyar ƙera antibodi mai kama abu ɗaya tak a 1975, aikin Georges Köhler da César Milstein, sai ya yiwu a shafa wa kowane irin ƙwaya launinsa, na'ura ta karanta dubbai a daƙiƙa ɗaya.

Wannan fasaha ta daɗe da isowa gare mu. Gwajin CD4 da ake yi wa masu ɗauke da ƙanjamau da ita aka fara shi: ana ƙirga wani rukuni guda na ƙwayoyin T. Mai lafiya yakan samu 500 zuwa 1,500 a ɗan mitsitsin jinin nan mai milimita ɗaya ta kowace fuska, wanda ya faɗo ƙasa da 200 kuwa ciwon ya yi nisa. Jimillar fararen ƙwayoyinsa za ta iya fitowa ba laifi, amma wannan rukuni ɗaya da ya ƙare shi ke buɗe ƙofa ga tarin fuka da sauran cututtuka.

Launuka suna da iyaka, domin idan suka yi yawa sai su shiga juna. Shi ya sa aka sauya rini da ƙarafa masu nauyi daban-daban, na'ura tana auna nauyin. A 2011 ɗakin binciken Garry Nolan a Stanford ya auna abubuwa sama da 30 a jikin kowace ƙwayar ɓargon mutum da wannan hanya.

Ɗakin gwaji a kan guntun roba

Duk waɗannan na'urori hoto ɗaya suke ɗauka, ƙwayar ta wuce shi ke nan. Saƙon garkuwa kuwa lokaci ne ransa. Nan fasahar ƙananan magudanai ta shigo. Ana zuba wata roba mai laushi da ake ganin abin da ke cikinta a kan zubi, ta fito da hanyoyin ruwa masu siririn gashin kai. A 2000 tawagar Stephen Quake a jami'ar Caltech ta Amurka ta ƙera famfo a cikin robar: hanyar iska tana gittawa a saman hanyar ruwa, idan aka hura iska sai rufin ya lotsa ya toshe ruwan. Da ɗaruruwan irin waɗannan famfuna a guntun da bai kai tafin hannu ba, kwamfuta tana iya ciyar da ƙwayoyi, ta zuba musu saitokin na minti kaza, ta wanke, ta sake zubawa, madubin likita kuma yana ɗaukar hotonsu dare da rana.

Abin da aka fi sa wa ido shi ne wani furotin mai suna NF-kB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a 1986. Idan ƙwaya tana zaune lafiya, wani furotin ne ke riƙe da shi a wajen cibiya. Da saƙon TNF ya iso sai a lalata mai riƙon, NF-kB ya shige cibiya ya kunna ƙwayoyin gadon kumburi. Cikin waɗanda yake kunnawa har da na mai riƙon nasa, wanda ke dawowa ya fitar da shi. Idan saƙon bai tsaya ba sai ya sake shiga. A 2004 masu bincike a Liverpool suka liƙa masa furotin mai ƙyalli, suka ga cibiyar ƙwaya tana haske tana dushewa, kusan duk bayan minti 100. A awon taro wannan kai-komo yakan dushe, domin kowace ƙwaya da lokacinta.

A 2010 Savaş Tay, ɗan asalin Turkiyya da ke aiki a Stanford a lokacin, tare da Quake da Markus Covert, ya zuba wa ƙwayoyin ɓera TNF a ma'auni daban-daban, mafi yawa ya ninka mafi ƙanƙanta sau 10,000. An zaci martanin kowace ƙwaya zai riƙa raguwa sannu a hankali. Abin da aka gani shi ne, da saƙon ya yi rauni sai yawan masu amsawa ya ragu, amma wadda ta amsa ta amsa sosai, maƙwabciyarta kuma ko motsi. Ƙarfin saƙon ya fi bayyana a wasu wurare: jinkirin da aka yi kafin amsawa, da yawan shiga da fitar da NF-kB ya yi. Wasu ƙwayoyin gado shiga ɗaya ta ishe su su kunnu, wasu kuma sai an yi ta maimaitawa.

Shekara guda bayan haka tawagar Andre Levchenko a Jami'ar Johns Hopkins ta auna wannan hanya da lissafin da injiniyoyin sadarwa ke auna layin waya da shi. Amsar ta ba da mamaki: bayanin da ƙwaya ɗaya ke iya tsinta bai wuce na "akwai" ko "babu" ba. Tantance ko haɗarin ƙarami ne ko babba sai a taro. A ganina wannan ne sakamako mafi nauyi a fannin, domin yana nuna rashin daidaiton ƙwayoyin yana da amfani. Da dukansu za su tashi a kan ɗan ƙaramin saƙo, ƙaiƙayin cizon sauro ma sai ya kwantar da mutum.

'Yan sammako, da karatun ƙwayoyi dubu-dubu

Kowace ƙwaya tana kwafo ƙwayoyin gadon da take aiki da su zuwa wani kwafin wucin gadi da ake kira RNA. Wanda ya karanta RNA ɗinta ya san irinta da abin da take yi a wannan lokaci. A 2009 Fuchou Tang, a ɗakin binciken Azim Surani da ke Cambridge, ya fara karanta na ƙwaya guda.

A 2014 Alex Shalek da Aviv Regev da abokan aikinsu suka karanta ƙwayoyin dendiritik na ɓera sama da 1,700 bayan an zuba musu gutsuren fatar bakteriya. Sai ga wasu 'yan ƙalilan da suka riga kowa tashi suka fara fitar da intaferon, sauran kuma suka biyo baya. Don a tabbatar, aka kulle kowace ƙwaya a ɗakinta ita kaɗai a cikin guntun roba, yadda ba mai jin saƙon wata. Sai mafi yawansu suka kasa kunna wannan martani. Ashe jiran 'yan sammakon suke yi. Wannan gwaji ba zai yiwu a faranti ba, sai da famfunan nan.

Matsalar ita ce tsada da jinkiri. A 2015 tawagogi biyu a Harvard suka fito da mafita kusan iri ɗaya: a tura ruwa cikin mai ya yanke ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ya kama ƙwaya ɗaya da ɗan ƙwallo ɗaya mai ɗauke da lambar shaida ta DNA. Ƙwayar ta fashe a cikin ɗigon, RNA ɗinta ya samu lambar, daga nan ko an haɗe komai wuri ɗaya kwamfuta za ta mayar da kowane ga mai shi. Ɗaya daga cikin tawagogin, ta Evan Macosko da Steven McCarroll, ta karanta ƙwayoyin idon ɓera 44,808. A 2016 Regev da Sarah Teichmann suka jagoranci ƙaddamar da shirin zana taswirar dukkan ire-iren ƙwayoyin jikin ɗan Adam. A 2017 wani bincike kan ƙwayoyi kusan 2,400 na jinin mutum ya raba dendiritik gida shida, har da irin da ba a san da shi ba, a jinin da aka fi ƙarni ana dubawa.

Abin da masu suka ke cewa

Ba kowa ne ya gamsu ba, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Kafin a karanta ƙwaya sai an ciro ta daga nama, kuma cirowar kanta tana firgita ta ta kunna wasu ƙwayoyin gado, sannan an rasa sanin wa ke kusa da wa. Na'urar tana kama wani kaso ne kawai na RNA, don haka "babu" wani lokaci na nufin ba a kamo ba. Niyutrofil, duk da yawansu, suna saurin lalacewa har sukan ɓace daga sakamako. Gwaje-gwajen guntun roba da yawa kuma da ƙwayoyin ɓera da aka daɗe ana rainon su a ɗakin gwaji aka yi su, kuma tsakanin wannan da huhun mai jinya akwai tafiya. Wasu tsofaffin masana ma suna ganin an koma tara sunaye da zana taswira masu launi, an bar tambayar dalili.

Injiniyoyin suna amsawa da sababbin kayan aiki. Akwai hanyar karanta RNA a kan yankakken nama ba tare da an wargaza shi ba. A 2022 masu bincike a Suwizalan suka zuƙo ɗan ruwan cikin makrofej da allura mai matuƙar siriri ba tare da sun kashe ta ba, suka karanta, sannan suka zuba mata gutsuren bakteriya suka ga yadda ta yi. Yawan kwafin mai riƙon NF-kB da ke cikinta tun farko ya nuna yadda za ta amsa. Sukar da har yanzu ke tsaye daram ita ce ta kuɗi, domin gwaji ɗaya yakan lashe dubban daloli.

Ina amfanin ga mai jinya, kuma ina rabon Afirka ta Yamma?

Babu asibitin da zai karanta wa mai zazzaɓi ƙwayoyinsa ɗaya-ɗaya nan kusa. Amfanin ta bayan gida yake zuwa: bincike mai tsada ya gano wane saƙo ne ke ɓarna, daga baya a samu gwaji mai arha ko magani mai auna wuri ɗaya. A 2012 a Philadelphia an yi wa wata yarinya mai sankarar jini magani da ƙwayoyin T nata da aka sauya wa gini don su farauci sankarar. Guguwar saitokin ta kusa kashe ta. Da aka auna aka ga IL-6 ne ya yi tashin gwauron zabi, sai aka ba ta maganin amosanin gaɓɓai mai toshe IL-6 kaɗai, ta farfaɗo, ƙwayoyin T kuma suka ci gaba da aikinsu. Wannan magani na ƙwayoyin T ya samu amincewa a Amurka a 2017 kan dala 475,000, farashin da ya isa ya nuna wa aka fara yi wa aikin.

Akwai kuma hannunka-mai-sanda ga masu shan deksametason don su yi ƙiba: abin da suke haɗiya mai kashe saƙonnin nan ne, shi ya sa ƙaramar cuta ke iya kayar da su.

Tambayoyin da suka shafe mu suna nan jibge. A 1996 David Modiano da abokan aikinsa suka nuna a Burkina Faso cewa Fulani ba sa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro kamar maƙwabtansu Mossi da Rimaibe, duk da sauro ɗaya ke cizon su, kuma antibodinsu ya fi yawa. An ga makamancin haka tsakanin Fulani da Dogon a Mali. Wannan ba ya nufin Bafulatani ya yar da gidan sauro, amma gano waɗanne ƙwayoyi ne ke haifar da bambancin zai taimaki masu haɗa rigakafi. A tarin fuka ma, an ga cewa a huhu ɗaya wani kumburin yana kashe ƙwayar cutar, na kusa da shi yana rainon ta, kuma da karatun ƙwaya ɗaya-ɗaya ake bin dalilin.

Don irin waɗannan wurare ne Shalek da Christopher Love na jami'ar MIT ta Amurka suka ƙera wani ɗan faranti a 2017 mai ramuka kusan 86,000, inda ƙwayoyi ke faɗawa da nauyinsu ba tare da babbar na'ura ba. An yi aiki da shi har a kan birai masu cutar Ebola. Na'urorin karanta ƙwayoyin gado ma akwai su a Najeriya: cibiyar da Christian Happi ke jagoranta a Ede ta jihar Osun ce ta fara karanta bairos ɗin korona a Afirka a watan Maris na 2020. Cikas ɗin ya fi yawa a wutar lantarki da sanyi da sinadarai, domin ƙwayoyin sai da ransu ake son su.

Idan ba a sa jininmu a taswirar ba, da ma'aunin wasu za a ci gaba da auna mu, kuma an riga an ga illar hakan. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani furotin mai suna Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, gadon da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Masu wannan gado niyutrofil ɗinsu a jini yakan yi ƙasa da na Turawa, ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Amma da yake da jinin Turawa aka tsara ma'aunin, a Amurka da Turai an sha jinkirta wa baƙaƙen fata maganin sankara, ko a cire su daga gwajin sabon magani, a kan ƙarancin garkuwar da ba su da shi.